Landmannalaugar: tarihin wurin wankan makiyaya da ke bakin dutse mai aman wuta

Idan ka buɗe taswirar ƙasar Ayislan, za ka ga kusan duk garuruwanta sun jeru ne a bakin teku, kamar mutanen da suka zauna a gefen tabarma suka bar tsakiyarta. Tsakiyar nan tudu ne mai faɗi na baƙin yashi da duwatsu da ƙanƙara, babu gari, babu gona. A kudancin wannan tudu, kimanin kilomita 180 daga Reykjavik babban birnin ƙasar, akwai wani kwari da ake kira Landmannalaugar. Duwatsun da suka kewaye shi ja ne da rawaya da kore da shuɗi, a gindinsu kuma akwai ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin daskararren dutse. Duk shekara, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, dubban mutane kan je can su yi tattaki a kan duwatsun, su kuma jiƙa gajiyarsu a ruwan.

Shekara 100 da suka wuce, in ban da makiyaya, da wuya ka sami mai zuwa wurin. To me ya sauya? Kuma me ya sa wurin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana shakkarsa yanzu shi ne ake jin tsoron kada mutane su lalata? Amsar tana cikin tarihi iri biyu: na ƙasar kanta, da na mutanen da suka zauna a gefenta.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Ayislan tana zaune ne a kan tsagar da ta raba manyan faya-fayan ɓawon duniya guda biyu, na Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya. Suna janyewa daga juna da kimanin santimita 2 a shekara, wato faɗin yatsa ɗaya. Ban da wannan, a ƙarƙashin tsibirin akwai wata kafa da dutse mai tsananin zafi ke tasowa daga can cikin duniya. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta sa ƙasar ba ta rabuwa da aman wuta.

Mafi yawan narkakken dutsen da ke fitowa a Ayislan nau'in basalt ne. Baƙi ne, kuma yana da ruwa-ruwa, yana malala kamar kunu. Amma Landmannalaugar tana gefen wani tsohon dutse mai aman wuta da ake kira Torfajökull, wanda bakinsa ya rufta ya bar wani kwano mai tsawon kilomita 18 da faɗin kilomita 12. Shi abin da yake fitarwa nau'in rayolait ne, kuma babu inda ya kai nan yawan rayolait a duk ƙasar. Bambancin biyun a sinadarin silika yake: basalt yana da kimanin kashi 50 cikin 100, rayolait kuwa kashi 70 ko fiye. Yawan silika shi ke sa shi kauri. Idan basalt kunu ne, to rayolait tuwo ne. Ba ya nisa, tsayawa yake yi ya taru a inda ya fito.

Launukan fa? Rayolait da ma fari-fari ne, don haka duk abin da ya taɓa shi yana bayyana. Tururi da ruwan zafi sun shafe dubban shekaru suna dafa duwatsun daga ciki. Inda ƙarfen da ke cikin dutsen ya yi tsatsa sai ka ga ja da ruwan ƙasa. Rawayan kuwa farar wuta ce, ita ce ma ke ba wurin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sunan ɗaya daga cikin duwatsun, Brennisteinsalda, ma'anarsa tudun farar wuta. Maƙwabcinsa Bláhnúkur, mai launin shuɗi-shuɗi, ya fito ne a ƙarƙashin ƙanƙara mai kauri lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe tsibirin gaba ɗaya.

Tokar da ta zama agogo

Ga wani abin mamaki. Wannan yanki da babu mai zama cikinsa shi ne ya ba wa 'yan Ayislan ranar haihuwar ƙasarsu.

Tsoffin littattafan ƙasar sun ce mutane daga Norway sun fara zama a tsibirin wajen shekara ta 870. Sai dai an rubuta littattafan ne fiye da shekara 200 bayan abin ya faru, ka ga akwai dalilin yin tambaya. A nan ne masanin ƙasa Sigurdur Thorarinsson ya shigo. A kundin digirinsa na uku na 1944 ya shimfiɗa hanyar amfani da tokar aman wuta wajen ƙirga shekaru. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: duk aman wuta yana watsa toka, tokar ta kwanta a kan ƙasa a cikin 'yan kwanaki, sannan sabuwar ƙasa ta rufe ta. In ka haƙa rami ka ga layin tokar, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya girme shi, abin da ke sama kuma ƙaninsa ne.

Akwai wani layi da ake samu a sassa da yawa na ƙasar, mai launi biyu: fari a ƙasa, baƙi a sama. Farin daga Torfajökull ya fito, baƙin kuma daga tsagar Vatnaöldur da ke arewa maso gabas da shi, duk a aman wuta guda. An gano ɓurɓushin wannan toka a cikin ƙanƙarar Girinlan, wadda ke taruwa layi-layi duk shekara, ana iya ƙirga ta. Ƙirgar farko ta ba da shekara ta 871, da kuskuren shekara 2 gaba ko baya. Gyaran da aka yi daga baya ya kai ta 877. Da masu haƙar kayan tarihi suka duba, sai suka ga kusan duk tsoffin gidajen ƙasar a saman layin suke, dab da shi. 'Yan kaɗan ne a ƙasansa, kamar wani guntun bango da aka tono a tsakiyar Reykjavik a 2001. Wato dai tsoffin marubutan ba su yi nisa da gaskiya ba.

Shekara ta 1477 da haihuwar wurin wanka

Baƙin dutsen da ya tsaya kamar katanga a bayan wurin wankan sunansa Laugahraun, kuma jiya-jiya aka haife shi in an kwatanta da sauran. Wajen 1477 ne narkakken basalt ya taso daga Bárdarbunga, wani dutse da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Vatnajökull, ya bi ta cikin tsagar ƙasa a kwance ya nufo kudu maso yamma. A hanya ya fashe a yankin Veidivötn, ya bar ramukan da a yau tafkuna ne. Da ya iso Torfajökull sai ya tarar da rayolait a kwance a ƙarƙashin ƙasa, ya zuga shi da zafinsa, shi kuma ya tunkuɗo waje. Saboda kaurinsa bai yi nisa ba, ya daskare a nan, wasu sassansa suka zama baƙin gilashi mai sheƙi.

Za ka iya cewa, wa ya ga narkakken dutse yana tafiya a kwance a cikin ƙasa? An gani a zamaninmu. A watan Agustan 2014 Bárdarbunga ya sake motsawa, na'urorin auna girgizar ƙasa suka riƙa bin sawun narkakken dutsen yana huda hanya fiye da kilomita 40 cikin mako biyu, kafin ya fito a Holuhraun ya yi wata shida yana malala.

Ruwa ba ya tsami banza, haka ma ba ya ɗumi banza. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna nitsewa cikin tsagogin dutse, su iske dutsen da har yanzu bai huce ba, su ɗau zafi su dawo sama. A gindin Laugahraun wannan ruwan zafi yana haɗuwa da wani ruwan sanyi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutsen, sai gaurayen ya tsaya tsakanin maki 36 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos. In ka taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, wanda ke wajen maki 31, to wannan ya fi shi ɗumi. Kuma tushen ɗuminsu daban ne: a Yankari babu dutse mai aman wuta da ke raye, zurfin da ruwan ya nitsa ne ke ɗumama shi.

Makiyaya da 'yan gudun hukunci

Sunan Landmannalaugar ma'anarsa wuraren wankan mutanen Land, wato gundumar Landsveit da ke ƙasa da tudun. Ɗumin ruwan ya sa ciyawa ke tsiro a wannan ɗan fili alhali kewayensa tsakuwa ce zalla. Manoman Ayislan kan saki tumakinsu su hau tudu su yi kiwo da kansu a watannin ɗumi, sannan a watan Satumba maza su hau dawaki su bi kwari-kwari su tattaro su kafin dusar ƙanƙara ta sauka. A wannan aiki Landmannalaugar zango ce da babu kamarta: ga ciyawar dawaki, ga ruwa, ga wurin gasa jiki bayan yini cikin sanyi.

Amma wuce wuraren kiwon da aka sani wani abu ne daban. A tsohuwar dokar ƙasar, hukunci mafi tsanani shi ne a fitar da mutum daga kariyar doka: ba mai ba shi abinci ko masauki, kuma duk wanda ya kashe shi ba shi da laifi. Irin waɗannan sukan gudu cikin tudu. Wanda ya fi shahara, ko da yake a zamanin baya ne, shi ne Fjalla-Eyvindur, wanda aka haifa a 1714, ya yi kimanin shekara 20 yana ɓuya a tudun tare da matarsa Halla. Har yau akwai kufan bukkarsa kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi na Hveravellir. Daga irin wannan gaskiya sai almara ta tsiro. Mutane suka yi imani akwai ɓoyayyun kwaruruka masu albarka a tsakiyar ƙasar, cike da ƙattin 'yan gudun hukunci masu satar tumaki. Ko sunan Torfajökull, labarin baka ya jingina shi ga wani attajiri mai suna Torfi da aka ce ya kwashe iyalinsa ya shiga duwatsun don tsere wa annoba a ƙarshen ƙarni na 15.

Ainihin mai kisan kuwa yanayi ne. A kakar 1780 wasu 'yan'uwa biyu daga gidan gonar Reynistadur da abokan tafiyarsu suka halaka tare da garken tumakinsu a hanyar Kjölur, har aka daɗe ana gudun hanyar. A watan Oktoban 1868 mutum huɗu suka ɓace a filin yashin Maelifellssandur, kudu da Torfajökull. Sai bayan shekara 10 aka tsinci ƙasusuwansu.

1783: lokacin da tudun ya taɓa Afirka

Ranar 8 ga Yunin 1783 ƙasa ta tsage a Laki, gabas da Landmannalaugar. Tsagar ta kai tsawon kilomita 27, ta yi wata takwas tana aman wuta, ta fitar da narkakken dutse kusan kilomita 15 na awon kewaye uku, wato tsawo da faɗi da zurfi. Ba dutsen ne ya yi kisa ba, iskar ce. Kimanin tan miliyan 120 na iskar farar wuta ta hau sama, sinadarin fulorin kuma ya sauka a kan ciyawa. Dabbobin da suka ci ciyawar ƙasusuwansu da haƙoransu suka lalace. Rabin shanun ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na tumakinta suka mutu, yunwa ta biyo baya ta kashe mutum ɗaya cikin kowane biyar.

Hazon ya lulluɓe Turai a wannan shekara. Kogin Nilu kuma bai cika yadda ya saba ba a 1783 da 1784, aka yi mummunar yunwa a Masar. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda ya kwaikwayi yanayin lokacin da kwamfuta, ya nuna yadda abin zai iya faruwa: hazon ya tare hasken rana ya sanyaya ƙasashen arewa, bambancin zafi tsakanin teku da tudu ya ragu, iskar da ke kawo damina yankin Sahel da tuddan Habasha ta yi rauni. Ka ga ke nan abin da ke faruwa a ƙarƙashin wancan tudu ba labarin Turawa kaɗai ba ne.

Daga doki zuwa mota

Masana ne suka fara rage tsoron. A 1750 Eggert Ólafsson da Bjarni Pálsson suka hau dutsen Hekla, wanda Turawa suka daɗe suna ɗauka ƙofar Jahannama ce, suka sauko lafiya. Björn Gunnlaugsson, malamin lissafi, ya yi shekaru yana auna ƙasar, taswirarsa mai ɗauke da shekarar 1844 ta zama abin dogaro, ya kuma fito fili ya ce babu wasu ɓoyayyun garuruwa a tudun. Tsakanin 1881 da 1898 Thorvaldur Thoroddsen ya karaɗe tudun a kan doki yana rubuta duwatsunsa.

A 1927 aka kafa ƙungiyar matafiya ta Ferdafélag Íslands, da nufin 'yan ƙasa su san ƙasarsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci masu jan ƙafa huɗu suka yawaita, direbobi masu ƙarfin hali suka fara neman mashigai a koguna. Ƙungiyar ta gina masauki a Landmannalaugar a 1951, ta gina wanda ake amfani da shi yanzu a 1969. Sai kuma madatsun wutar lantarki a kogunan Thjórsá da Tungnaá, irin su Búrfell da Sigalda, suka zo da hanyoyi da gadoji. Tafiyar kwanaki a kan doki ta koma ta 'yan sa'o'i a mota.

A 1979 gwamnati ta ayyana yankin Fjallabak, fiye da murabba'in kilomita 400, a matsayin wurin da doka ta kare. A daidai wannan lokaci hanyar tattaki ta Laugavegur ta kankama: kilomita 55 daga Landmannalaugar zuwa kwarin Thórsmörk, yawanci kwana huɗu, da masaukai a Hrafntinnusker da Álftavatn da Emstrur. Daga 1997 har gasar gudu ake yi a kanta.

A 2010 dutsen Eyjafjallajökull ya yi aman da ya tsayar da jiragen sama a Turai, sunan Ayislan ya shiga kowane gida. A shekarar baƙin da suka ziyarci ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A 2018 sun haura miliyan 2.3, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce 350,000 ba sosai.

Hanya ta zo, haɗarin bai tafi ba

In Allah Ya kai ka can, ka riƙe wannan. Landmannalaugar tana kimanin mita 600 sama da teku, ranar farko ta tattaki kuma za ta kai ka sama da mita 1,000, inda ƙanƙara ke kwance har tsakiyar watannin ɗumi. Rana na iya haskawa da hantsi, kafin azahar hazo ya rufe ka har ka daina ganin turakun da ke nuna hanya. A ƙarshen Yunin 2004 wani matashi baƙo ya mutu a guguwar ƙanƙara, kimanin kilomita ɗaya kacal daga masaukin Hrafntinnusker. Akwai alamar tunawa da shi a gefen hanya.

Abin da ke kisa shi ne haɗuwar jiƙa da iska. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da maki 35, tunani kan fara rikicewa, mutum ya kasa gane yana cikin haɗari. Shi ya sa ba a sa kayan auduga, don in ta jiƙe janye ɗumin jiki take yi; ulu ake sawa, a ɗora rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa. Kogunan kan hanya da yawa daga narkakkiyar ƙanƙara suke, suna ƙaruwa da yamma bayan rana ta yi aikinta, don haka da safe ake tsallake su, a wurin da suka fi faɗi. In mai kula da masauki ya ce yau ba ranar tafiya ba ce, to ba ranar tafiya ba ce. Masu ceto a ƙasar 'yan sa-kai ne, lambar gaggawa kuma 112.

Ruwan wankan ma yana da nasa. A wasu shekaru, musamman ƙarshen watannin ɗumi, masu wanka kan fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Musabbabin wata ƙaramar tsutsa ce da ke rayuwa tsakanin agwagin daji da dodon koɗi, 'yar'uwar wadda ke haddasa tsargiya a wajenmu. Ita wannan ta tsuntsu ce, in ta shiga fatar mutum ba ta girma kamar ta tsargiya, sai dai ta bar ka da susa na kwanaki. Sannan ba kowane ruwa mai tururi ne na wanka ba. A saman duwatsun akwai ramukan laka da ke tafasa, ƙasar gefensu kuma ɓawo ce da ke iya rufta wa da mutum.

Ita ma ƙasar tana da abin tsoro daga gare ka. Gansakukar da ta lulluɓe tsoffin duwatsun a hankali take girma, domin lokacin tsirowarta 'yan makonni ne a shekara. Sawun tayar mota ɗaya na iya shafe gomman shekaru bai ɓace ba, kuma ruwa kan bi sawun ya mayar da shi kwazazzabo. Wannan ne ya sa tuƙi a wajen hanya laifi ne mai tara mai nauyi. Tun 2013 yankin Torfajökull yana jerin wuraren da Ayislan ke son UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya. Daga 2024 kuma, mai zuwa da motarsa da rana a lokacin cunkoso sai ya kama wurin ajiye ta tun kafin ya taso. Ƙoƙarin mayar da tudun gaba ɗaya gandun ƙasa guda ya tsaya a majalisa a 2021, saboda saɓani tsakanin masu kare muhalli da ƙananan hukumomi da manoma da masu son ƙarin madatsun lantarki. Maganar ba ta mutu ba har yanzu.

Torfajökull bai sake aman wuta ba tun 1477, amma ba a ce ya mutu ba. Hukumar yanayi ta ƙasar tana sa masa ido da na'urorin girgizar ƙasa. A watan Satumba, lokacin da motocin baƙi ke raguwa ana shirin rufe hanya, manoman gundumomin da ke ƙasa da tudun suna hawowa neman tumakinsu kamar yadda kakanninsu suka yi, su yi kwanaki suna bin kwaruruka, su kuma yada zango a bakin ruwan da har yau yake ɗauke da sunansu.